An jarraba malami, saura mai riƙe da lalita

A hutun ƙaramar sallar da ta wuce ƙanwata ta zo gida da 'yarta, yarinya mai wayo da kaifin baki, tana aji huɗu a firamaren gwamnati da ke unguwarsu. Muna zaune a tsakar gida bayan la'asar, katin ɗaurin aure na hannuna, rubutun Hausa zalla, sai na miƙa mata na ce ta karanto min rana da wuri. Ta karɓa da hannu biyu, ta ƙura masa ido, leɓenta na motsi. Can ta ɗago ta ce, "Kawu, ba a zo mana nan ba tukuna." Na ɗora yatsa a kan kalmar "Asabar", ta kira harafin farko, ta tsaya. Yarinyar nan fa ita ce da daddare ta buɗe Alƙur'ani ta biya mana daga Sabbi zuwa ƙasa ba gargada, tana bin baƙi da yatsa, domin a Islamiyya an zauna an koya mata. Ashe kanta yana ja. Shekara huɗu take sa yunifom tana fita da sassafe, ba a samu wanda ya koya mata haɗa baƙi da wasali a boko ba.

Mahaifiyarta ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi laifin. Wannan sunkuyawar ce ta sa da aka koma makaranta na wanke ƙafa na je.

Abin da ya fara tarar ni sabon gini ne mai aji biyu, fenti na sheƙi, an kafa masa allon kwangila a gaba. A bayansa tsofaffin azuzuwan suke, iska ta yaye kwanon ɗaya, silin ya rufto a wani. Na leƙa ajin 'yar tawa. Yaran sun haura ɗari, 'yan gaba sun matsu a benci uku, sauran a ƙasa, waɗansu a kan buhun da suka zo da shi daga gida. Malama ɗaya ce, muryarta ta dushe, tana faɗa suna amsawa. Na bayan ba sa ganin allo, ba kuma wanda ke da littafin karatu a hannu. Hedimastan dattijo ne, ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujerarsa. Na tambaye shi nawa aka kashe a sabon ginin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ni ma motar yashi kawai na gani. Da sun tambaye ni, malamai uku zan roƙa da gyaran kwanon can." Na ce to alli da rajista fa? Ya taɓa aljihun rigarsa.

Tun daga ranar nake sauraron muhawarar ilimi da wani kunne dabam. A rediyo da Facebook ana ta kai-kawo a kan abu uku: nawa gwamnatin jiha ta ware, ko a bar iyaye su zaɓi inda za su kai 'ya'yansu, da kuma wa za a kama da laifi idan yaro bai iya ba. Ni abin da na gani shi ne, a tsarinmu hisabi gangarowa yake yi kamar ruwa, ya taru a kan wanda ya fi kowa rauni, wato malamin aji da uban yaro. Wanda kuɗin ke bi ta hannunsa ba ya zama jarrabawar kowa. Muddin haka ta ci gaba, ƙarin kuɗi zai zurare, zaɓi kuma zai zama na masu hali kaɗai.

A ɗauki maganar kaso a kasafin kuɗi, wadda ta zama abin tinƙaho. An daɗe ana yawo da zancen wai UNESCO ta ce a ware kashi 26 cikin 100. Abin da ƙasashe suka amince da shi a taron ilimi na duniya da aka yi a Incheon ta Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa. Jihohinmu da dama sun kai nan a takarda, waɗansu sun wuce. Kano ta ware kusan kashi 30 a 2024, ta ƙara zuwa 31 a 2025. A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya kuma faɗa da bakinsa cewa yara fiye da miliyan 4.7 a ƙasa suke zama su ɗauki darasi. Na yaba da wannan faɗar gaskiya, don ba kowane mai mulki ke yarda ya tona asirin gidansa ba. Gwamna Dauda Lawal ya yi irin wannan shela a Zamfara a ƙarshen 2023. Kafin su, Ganduje ya ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019. Shela ba ta taɓa yi mana ƙaranci ba.

Sai dai duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikata ya san tazarar da ke tsakanin abin da aka rubuta a kasafi da abin da aka saki. Kasafi alƙawari ne. Sai gwamna ya sa hannu, sai akanta janar ya saki, sannan ya zama kuɗi. Kuma a cikin kason nan na "ilimi" akwai jami'ar jiha, da kwalejoji, da tallafin karatu a ƙasashen waje, da kuɗin NECO, da ciyar da makarantun kwana. Duk abubuwa ne masu amfani, ban raina ko ɗaya ba. Amma abin da ya rage wa 'yar aji biyu a ƙauye, wadda a wannan shekarar ce za ta iya karatu ko ta rasa shi har abada, ba a fito an faɗe shi. Idan gwamna ya ce ya ware kashi 30, tambayar da ta dace ita ce nawa aka saki zuwa ƙarshen Disamba, nawa ne kuma ya shiga ƙofar firamare.

Ga kuma kuɗin da ke Abuja. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa. Rabin wannan kuɗi ana raba shi ga jihohi 36 da Abuja, da sharaɗin kowace jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta. Ka kawo naira, a ba ka naira. Ko ɗan kasuwar da bai taɓa shiga aji ba ya san wannan ciniki ne da ba a bari ya wuce. Amma a ƙarshen 2024 shugaban hukumar na lokacin, Dakta Hamid Bobboyi, ya shaida wa 'yan majalisa cewa fiye da naira biliyan 135 na shekarun 2020 zuwa 2023 na nan jibge, jihohi ba su zo sun ɗauka ba. Laifin ya haɗa kudu da arewa. Dalilin da na fi yarda da shi shi ne kuɗin UBEC yana zuwa da ƙa'ida: sai an gabatar da tsarin aiki, sai an bi matakan ba da kwangila, kuma za a zo a duba. Kuɗin da ke da ido a kansa ba ya burge mai son kashewa yadda ya ga dama.

Akwai wani rashin adalci a cikin rabon kansa da ba a cika magana a kai ba. Daidai wa daida ake raba shi. Kano mai miliyoyin yara da Bayelsa mai ƙananan hukumomi takwas kaso ɗaya suke karɓa. Wannan magana ce da ya kamata sanatocinmu da 'yan majalisar wakilai su riƙe da haƙori, a sa yawan yara da yawan waɗanda ba sa zuwa makaranta cikin ma'aunin rabo. Amma da wane baki za mu nemi ƙari alhali wanda aka ajiye mana ma wani lokaci ba mu ɗauka?

Ku duba yadda dokar nan ta raba hukunci. Uban da ya ƙi sa ɗansa a makaranta, karo na farko a ja masa kunne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan nan naira 5,000 ko wata biyu. Gwamnan da ya bar biliyoyin yaran jiharsa a Abuja shekara uku, dokar ba ta tanadar masa komai ba. Abin da kawai zai faru shi ne yaran su rasa.

Ko an ɗauko kuɗin ma, mafi yawansa gini ne da kayan aji. Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, ta asusun haɗin gwiwa da jiha ke riƙe da shi. To ga yadda abin yake: tarayya ta kawo rabin kuɗin gini, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ta ba da kwangila ta kuma kula da ɗaukar malamai, ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin albashi, sakataren ilimi ya yi canjin wurin aiki. Idan ka je da kuka kowa zai nuna maka ƙofar wani. Firamare ta zama ɗan da ke da iyaye huɗu amma yake kwana da yunwa. Rikicin tsoho ne. Gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988 saboda malamai na yin watanni ba albashi, ta rushe ta a 1991 ta mayar da nauyin ga ƙananan hukumomi, abin ya ƙara lalacewa, aka sake dawo da ita a 1993. Shi ya sa da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, jama'a na murna, tsofaffin malamai na zullumi, don sun tuna. Ba su yi kuskure ba. A Abuja kanta, malaman firamare sun yi fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya su mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ba. Ina goyon bayan 'yancin ƙananan hukumomi, amma albashin malami a cire shi tun daga sama, ya faɗa asusunsa kafin kuɗin ya bi ta teburin kowane ciyaman.

Gini yana da farin jini ne don ana iya ɗaukar hotonsa, ana yanka masa kyalle, kuma akwai ɗan kwangila a bayansa. Malamin da ya iya koyar da karatu ba ya fitowa a allon talla. Shi ya sa hedimastan nan ya samu aji biyu da bai roƙa ba, ya rasa malamai uku da yake nema.

Wannan ya kawo ni Kaduna, inda aka yi gwajin hisabi mafi girma da arewa ta gani. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu. Guda 21,780 ba su kai maki 75 da aka gindaya ba. Aka sallame su, aka ce za a ɗauki 25,000 a madadinsu. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a Janairun 2018, gwamnati ba ta janye ba. A 2022 aka sake sallamar 2,357, mafi yawansu saboda sun ƙi zama wata jarrabawar, har da shugaban ƙungiyar na ƙasa, Audu Amba.

Ra'ayina a kan wannan ya rabu, kuma zan faɗi duka ɓangarorin. Wanda ba zai iya amsa tambayar ɗan aji huɗu ba bai kamata ya tsaya gaban ɗan aji huɗu ba. Duk mai musun haka ya tambayi kansa ko zai kai nasa ɗan ajin. Takardun amsar da aka nuna wa duniya a lokacin sun sa mutane da yawa hawaye, kuma ƙungiyar malamai ta yi kuskure da ta tsaya kare kowa da kowa ba tare da ta kawo nata ma'aunin ba. Tausayin malami ba zai sa mu manta da yara saba'in ko ɗari da ke gabansa ba, su ma 'ya'yan talakawa ne.

Amma mutum 21,780 ba ta taga suka shiga aji ba. Wani ne ya sa hannu a takardar ɗaukarsu. Kowa a ƙananan hukumominmu ya san yadda ake raba gurbin koyarwa: na ciyaman, na kansila, na ɗan majalisa, na hakimi, na wanda ya yi wahala a kamfe. Kwaleji ce ta bai wa da yawa daga cikinsu takardar shaidar koyarwa ta NCE. Akwai jami'an duba makarantu da suka yi shekaru suna karɓar albashi don su gano irin wannan. Jerin sunayen da aka fitar na malamai ne kaɗai. An sare reshe an bar saiwa, kuma saiwar da ta tsiro da su za ta sake tsiro da waɗansu a kowace jiha da ba ta canja hanyar ɗaukar aiki ba. Sannan ko malamin da ya ci maki 100, ka ba shi yara 120 ba littafi, ka riƙe masa ƙarin girma shekara da shekaru, ka bar shi yana tunanin yadda wanda ya gabace shi ya mutu yana bin giratuti, me kake jira ya haifar? Da yawa daga cikinsu da an tashi suke hawa babur su yi acaɓa ko su wuce gona. Ban ga laifinsu ba.

Jarrabawar da nake so a yi ta gwamnati ce, kuma tambaya ɗaya ce a cikinta: cikin yaran da suka gama aji uku a jihar nan, nawa ne za su iya karanta gajeren labari da Hausa su faɗi abin da ya ƙunsa? Ana iya auna wannan cikin 'yan mintuna ga kowane yaro, an kuma taɓa yi. Gwajin karatu da aka gudanar a Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010 ya nuna mafi yawan 'yan aji biyu da uku ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, harshen da suke mafarki da shi. Irin wannan gwaji kusan kullum ƙungiyoyin waje ke ɗaukar nauyinsa, idan shirinsu ya ƙare a naɗe tabarma. Kamata ya yi kowace jiha ta mayar da shi al'ada, duk shekara, a ba wata jami'a ko hukuma mai zaman kanta ta yi, a karanta sakamakon ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma a gidan rediyon jiha. Yanzu da sakamakon WAEC da NECO muke auna gwamna, alhali yaron da ya kai aji shida na sakandare ya riga ya tsallake siraɗi. Miliyoyin da suka zube a hanya ba sa cikin lissafin. Kuma mun san abin da ke faruwa a waɗansu cibiyoyin jarrabawar.

Game da kuɗi kuwa, akwai darasi daga Uganda da ya kamata kowane kwamishinan ilimi ya sani. A tsakiyar shekarun 1990 aka bi sawun kuɗin da gwamnatin ƙasar ke aika wa makarantun firamare bisa yawan ɗalibai, aka tarar tsakanin 1991 da 1995 kashi 13 cikin 100 kacal ke isa makaranta. Sauran yana narkewa a ofisoshin gunduma. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta saki kowane wata a jaridu, ta kuma wajabta wa makarantu su liƙa abin da suka karɓa a allon sanarwa. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai wajen kashi 80. Abin da ya canja shi ne hedimasta da iyaye sun san nawa ne haƙƙinsu, sun san kuma ranar da ya fito.

Mu ma muna da inda za a ɗora wannan. Kusan shekara ashirin ke nan da aka amince kowace makaranta ta kasance da kwamitin al'umma mai kula da ita, wato SBMC, wanda ya haɗa mai unguwa, da liman, da iyaye mata, da tsofaffin ɗalibai, da hedimasta. A wurare da yawa sunan ne kawai a takarda, don kwamitin da ba ya riƙe da ko sisi kuma ba a gaya masa komai, taron shan rana ne. A buɗe wa kowace makaranta asusu, a riƙa tura mata kuɗin gudanarwa kowane zango gwargwadon yaran da ke zuwa, a rubuta adadin da fenti a bangon ofishin hedimasta. Kowace kwangila a rubuta kuɗinta a allon da ake kafawa, kada kuma a biya ɗan kwangila kason ƙarshe sai kwamitin ya sa hannu cewa kwanon ba ya yoyo. Za a samu hedimastan da zai ci, na sani. Amma satar da za a yi a gaban mai unguwa da iyayen yara ta fi wuyar ɓoyewa a kan wadda ake yi a ofis mai sanyi a babban birnin jiha.

Sai maganar zaɓi. Mu a nan ba doka ce ta kawo shi ba, gajiya ce. Shiga kowane lungu a Kano ko Zariya ko Gusau, za ka ga gida mai ɗaki huɗu an rataya masa allo ya zama makarantar kuɗi. Mai shayi da mai wankin hula da bazawara mai sayar da awara suna matse bakin aljihu su biya kuɗin zango, domin a can aƙalla malami yana zuwa, idan bai zo ba kuma akwai wanda za a kama. Waɗansu makarantun suna ƙoƙari ƙwarai. Waɗansu kuwa yunifom mai kyau da waƙoƙin Turanci kawai suke sayarwa, malamansu yaran da suka gama sakandare ne ana biyansu abin da bai kai kuɗin mota ba. Uban da bai yi boko ba ba shi da hanyar bambancewa. Gwamnati kuma ta fi tunawa da su lokacin sabunta rajista da karɓar haraji. Gwajin karatun da na ambata ya kamata ya shiga makarantun kuɗi ma, a liƙa sakamakon a ƙofarsu.

Na ji masu cewa a yi yadda waɗansu jihohin Amurka ke yi, a ba uba kuɗin a hannu ya kai ɗansa inda yake so. Arizona ta buɗe irin wannan shiri ga kowane yaro a 2022, Teksas ta amince da nata na dala biliyan ɗaya a 2025. Hujjarsu tana da ƙarfi: me zai sa ɗan talaka ya maƙale a makarantar da ɗan kwamishina ba zai kwana ɗaya a cikinta ba? Amma ko a can, mafi yawan waɗanda suka fara cin moriyar shirin Arizona yara ne da dama ba sa makarantar gwamnati. A wurinmu matsalar ta fi haka. A ƙauyen da makaranta ɗaya ce tak, ita ma sai an yi tafiyar kilomita uku, zaɓi tsakanin me da me? Kuma ƙasar da har yau take fama da ma'aikatan bogi a takardar albashi, ranar da aka ce kowane kan yaro kuɗi ne, a ranar za a haifi ɗaliban bogi da makarantun da ba su da ko ƙofa. Duk tsarin da zai ɗebe kuɗi daga firamaren gwamnati kafin a iya ƙirga yaran da ke cikinta, ina adawa da shi.

Akwai dai wani nau'in zaɓi da ya dace da mu, don iyaye sun riga sun yi shi da ƙafafunsu. Makarantar da jama'armu suka yarda da ita, suka gina da kuɗinsu, suke sa mata ido, ita ce Islamiyya da makarantar allo. A can 'yar ƙanwata ta iya karatu, a hannun malamin da albashinsa bai kai na malamar gwamnati ba. Bambancin shi ne iyaye sun san shi, suna haɗuwa da shi a masallaci, idan yaro ya yi wata bai ci gaba ba za a tambaye shi. A Anambra, Peter Obi ya mayar da makarantun firamare fiye da 1,000 ga coci-coci a 2011, gwamnati ta ci gaba da biyan malamai tana kuma ba da kuɗin gyara. A Kano da waɗansu jihohi an daɗe ana tura malaman gwamnati Islamiyyun da suka haɗa da boko. Wannan hanya ce da ta cancanci a faɗaɗa ta da gaske, da yarjejeniya a rubuce: gwamnati ta kawo malamin lissafi da na karatu da littattafai, al'umma ta riƙe makarantarta, ba a korar yaro don rashin kuɗi, kuma kowa ya shiga gwaji ɗaya.

Mun ga abin da ke faruwa idan aka yi akasin haka. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani 157, ta buɗe ta farko a Gagi da ke Sakkwato a 2012. Gine-gine masu kyau, an kashe biliyoyi. Da aka miƙa wa jihohi, da yawa suka zama kufai, domin ba a tanadi kuɗin ciyarwa da albashi mai ɗorewa ba, kuma ba a zauna da alarammomin da iyaye suka damƙa wa 'ya'yansu an ji ta bakinsu yadda ya kamata ba. An sake zaɓar gini a kan mutum. Yanzu akwai hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta da aka kafa a 2023, ina fata ta fara daga zaure da tabarmar alaramma kafin ta kira ɗan kwangila.

Kada mu iyaye mu wanke kanmu tas. Akwai uban da bai taɓa taka makarantar ɗansa ba, bai san sunan malaminsa ba, ranar kasuwa ya ɗora wa yarinya talla, da damina ya kwashe yara zuwa gona. Ni kaina shekara huɗu yarinyar nan tana gaishe ni da yunifom ban taɓa cewa ta karanta min komai ba sai ranar katin nan. Amma mutum yana sa ido ne a kan abin da ya san nasa ne. An yi shekaru ana nuna wa talaka cewa makarantar "ta gwamnati" ce, alfarma ake yi masa, sai ya karɓi abin da aka ba shi ya yi godiya. Ranar da ya ga an rubuta a bango cewa an turo naira kaza saboda 'yarsa, zai tambayi inda ta shiga.

Na koma makarantar bayan mako biyu, wannan karon tare da mai unguwa da iyaye mata biyu daga kwamitin. Muka rubuta takarda zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma muna neman abu biyu: a gaya mana kuɗin kwangilar sabon ginin, a kuma turo malamai ko da biyu ne. Hedimastan ya karanta ta sau biyu, ya ce, "Yallaɓai, ku sa hannu ku kaɗai, ni saura shekara biyu na yi ritaya." Muka sa. An karɓa an buga mata hatimi, zango ya ƙare ba amsa, mun sake kai wata. Ita kuwa yarinyar, mahaifiyarta ta rage kuɗin cefane tana biyan wata ɗalibar kwalejin ilimi da ke maƙwabtaka da su, tana zama da ita bayan magariba da tsohon littafin Hausa na aji ɗaya. Cikin wata biyu ta fara haɗa kalmomi. Ranar Juma'ar da ta wuce ta kira ni a wayar uwarta ta karanta min layi huɗu, tana tsayawa tana komawa, har ta kai ƙarshe. Sauran 'yan ajinsu fiye da ɗari za su shiga aji biyar bayan hutun nan.